Irin geron da Inna ta hana ni dakawa

Shekarar da 'yan bindiga suka kashe maigidana a hanyar Kebbe na daina zuwa coci, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Matan zumunta sun zo mini gaisuwa a Tambuwal, inda muka gudo, kowace bakinta ɗaya: nufin Ubangiji ne. Na ce to, in sun koma su gaya masa na ji, amma ban gode ba. Matar fasto har da dafe ƙirji, sai ka ce ita aka yi wa mutuwar.

A kan babur suka harbe shi yana dawowa daga kasuwa. Ba a jima ba suka shigo ƙauyenmu na gefen Fakku suka cinna wa rumbuna wuta. Abin da muka fito da shi bai wuce yara da tabarma ba, sai Inna, uwar mijina, wadda ta ƙi tafiya sai da ta koma madafa ta ciro ɗaurin iri.

Al'adar maigidana ce kowace kaka, tun kafin a kai hatsi rumbu, ya bi damma yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya rataye a saman murhu inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ko yunwa za ta kashe gida, ba a taɓa shi. Na sha yi masa tsiya cewa ya fi lallashin geron nan a kaina.

Da bazara ta yi tsanani, abinci ya ƙare mana ƙaf. Ƙaramar 'yata ta kai ko kuka ba ta iya yi sosai. Na sauko da ɗaurin, baƙi ƙirin da hayaƙi, na jawo turmi. Niyyata in daka, yara su sha kunu, in kwashe su mu bar ƙasar gaba ɗaya. Gona ta tafi, mai gona ya tafi, wa zan ajiye wa iri?

Inna ta taso da sandarta ta zauna daram a bakin turmin.

"Mi kika shirin yi, ɗiyata?"

"Abin da kike gani, Inna. Ki tashi."

"Ba ni tashi. Ba a cin iri."

Raina ya ɓaci, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa babba ba. Na ce Yesun da take kira safe da yamma yana ina sa'ad da ɗanta ke kwance a kan hanya? Ban yi zaton za ta amsa ba.

"Ni ma haka nika tambaya tai kullum," in ji ta. "Bai ba ni amsa ba. Amma shi ma an kashe shi, an sa shi ƙasa, ya tashi. Ɗana da munka rufe, ba zubda shi munka yi ba, ajiye shi munka yi. Wanga iri ma haka."

Ba ta rarrashe ni ba, kuma ban huce ba. Na dai kasa ɗaga tsohuwa daga kan turmi. A ranar, zogale da ƙuli muka ci, kuma na yi kwanaki ba na yi mata magana.

Wani Musulmi ɗan Jabo, abokin kasuwar marigayi, ya ara mana gefen gonarsa. Da ruwa ya sauka, ni ke sara rami, Inna na bina tana zuba iri tana rufewa da ƙafa, tana waƙar coci da muryarta mai rawa. Ni ban yi waƙa ba.

Geron ya yi. Inna ba ta gan shi ba, ta rasu yana fitar da kai.

Har yau haushin bai sake ni ba, kuma duk wadda ta sake ce mini nufin Ubangiji ne za ta ji babu daɗi. Amma ranar godiyar kaka na ɗauki dami na kai coci da kaina, na zauna a bencin baya. Kafin in kai, na baje shi a tsakar gida, na zaɓi zangarniyar da ta fi cika, na rataye a saman murhu. 'Yata ta miƙa hannu, na buge shi.

"Ba a cin iri," na ce mata.