Shayin Surukata Ba Sukari

Yau da safe sukari ya zube mini a faranti, sai na ga kaina ina tsince shi da yatsa. Nan take surukata ta faɗo mini a rai.

Shekarar da yaƙi ya koro mu daga Madani zuwa Gadarif, ɗaki ɗaya muka kama. Maigidana ya tafi yankan riɗi a Fashaga, ya bar ni da mahaifiyarsa da yara uku. Muka daina sayen nama, muka rage mai a miya. Ita kuwa ta ce likita ya hana ta sukari, ta koma shan shayi da ɗacinsa, tana yamutsa fuska kaɗan a kurɓar farko. Na yarda da ita.

Wata ranar damina, ruwa na dukan kwanon rufi, na shigo na tarar ta jiƙa yatsa tana ɗaukar ƙwayoyin sukarin da yara suka zubar.

Na ce, "Inna, ba likita ya hana ki ba?"

Ta yi dariya. "Cokali ya hana, 'yata, bai ce komai a kan yatsa ba."

Na tashi zan zuba mata, ta riƙe hannuna. "Bar wa yaran. Ni na sha nawa tun kafin a haife ki."

Ba ta ga ƙarshen daminar ba. Yanzu idan yara sun tafi makaranta, ni kaɗai nake zama gaban murhu, ba mai tambayata ko na karya.

Allah ya yalwata mata kabarinta a wannan gari da ta zo baƙunta, ya sa ta huta.