Shekarar da Mama Ta Sauke Tukunyar Gwate

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin hutun Kirsimeti, ina aji huɗu a firamare, wata babbar mota mai lasifika ta tsaya a ƙofar makarantarmu a Nasarawa. A jikinta an manna hoton wani ɗan ƙwallo da kowane yaro a unguwa ya haddace sunansa, yana murmushi, ya ɗago cokali cike da taliyar leda. Aka saki kiɗa, wasu 'yan mata masu jajayen riguna suka kunna risho, suna dafawa suna rabawa kyauta a 'yan ƙananan robobi. Har hedimasta sai da ya fito, bulala a hammata, ya karɓi tasa. Ina cikin layi na waiga, na hango Mama a gindin dalbejiya inda take sayar da gwaten acha lokacin tara, ta zuba tagumi, kularta a rufe. Ranar ko ludayi ɗaya ba ta sayar ba.

Gwaten nan shi ne ya riƙe gidanmu tun da aka rufe masaƙar da Baba ke aiki. Achar kuma daga Kakau take zuwa, daga gonar Kaka, mahaifiyar Mama. Duk hutun kaka can ake tura mu, ni da yayana Bitrus, mu yi korar tsuntsaye, mu tattake dammunan acha da ƙafa har tafinmu ya yi ja, da yamma mu yi langa a masussuka. A gida kuwa aikina ɗebo ruwa daga rijiyar tsakar gida da tsinke yakuwa, Bitrus ya daka gyaɗa. Rairaya ce kawai Mama ba ta bar wa kowa. Sai ta zauna a kujera 'yar tsugunno da ƙwarya biyu, tana juya acha a ruwa sannu a hankali har yashin ya kwanta a ƙasa. Takan ce, "Wanda ya tauna tsakuwa a gwatenka sau ɗaya ba ya dawowa."

Da aka dawo hutu sai muka tarar duniya ta juya. Waƙar tallar tana bakin kowa, a talabijin, a filin ƙwallo, har a hanyar coci. Yaran maza suka yarda cewa ƙarfin ƙafar ɗan ƙwallon nan daga taliyar yake. Bitrus ma ya fara ɓalla ɗanyarta yana barbaɗa garin ɗanɗanon a kai kafin ya shiga fili. Wata mata ta kafa teburin taliya a ɗaya gefen ƙofar makaranta, yara suka koma can kamar ƙudaje. Mama ta riƙa dawowa da rabin kula, mu sha da rana, mu sha da dare, mu ɗumama da safe. Baba kuwa sai dai ya sa hula ya fita neman aikin da babu shi.

Hajiya Asabe, maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa, ita ce ta zaunar da Mama wata yamma. Ta ce, "Maman Bitrus, kasuwa ba ta san kunya ba. Abin da bakin yara ke so shi za ki ba su, in ba haka ba naki yaran ne za su zauna a gida." Ba a yi mako ba Mama ta shigo da kwalin taliya a ka, da kiret na ƙwai. Ta wanke babbar tukunyar gwate ta kife ta a bayan ɗaki. Ciniki ya buɗe fiye da da, mu kuma, in faɗi gaskiya, murna muka yi.

Ana nan sai ga Kaka ta sauka daga motar Kakau da buhun acha, kamar yadda ta saba. Ta ga kwalaye jibge a lungu, ta ɗauki leda ɗaya ta daɗe tana kallon hoton da ke jiki. Ta ce, "Rahila, shi wannan yaron, uwarsa da wannan ta goya shi har ya yi ƙafa?" Mama ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, ba ni na ƙi ba, yaran ne suka ƙi." Bitrus ya dafa mata da rawar jiki, ta kai loma ɗaya, ta tauna, ta ce, "Gishiri ne da ƙamshi." Ba ta yi faɗa ba. Ta kwana biyu tana taya Mama yanka albasa, ta koma. Daminar da ta biyo baya masara ta shuka a gonar.

Da ribar taliyar nan na gama sakandare, da ita Bitrus ya koyi gyaran mota, don haka ba ni da bakin zaginta. Yanzu ina zaune a Kamazou, 'ya'yana kuma ba sa jiran mota mai lasifika. A waya suke ganin abin da wata 'yar fim ta ce tana ci, su ce shi za a dafa. Gonar Kaka an yanka ta filaye, an yi gine-gine. Mama ta tsufa, likita ya rage mata gishiri, hannunta ba ya iya riƙe ƙwarya. Kwanan baya ta ce tana marmarin gwate, na sayo acha na dafa mata da kaina. Ta sha kaɗan, ta tsaya, ta zaro wani abu daga bakinta a ɓoye don kada in gani, sannan ta ce ya yi daɗi. Shekaru na yi ina zaune kusa da ita, ban taɓa cewa ta koya mini rairaya ba.