Ranar da Na Kai Agogon Maigida Wanki

Mu matan unguwar Zahir, a nan ƙasa mai tsarki, in biki ya matso, zinarenmu muke tattarawa mu kai wa maƙera su wanke. Haka na taso na ga uwata tana yi. Saura kwana uku auren 'yar ƙanwata, na buɗe durowar gefen gado zan ɗauki awarwarona, sai idona ya faɗa kan agogon maigida.

Shekara shida yana bin agogon nan. Tsoho ne, ya girme mu duka, ba ya amfani da batir. Yana nuna kwanan wata da tsayuwar wata, in ka ja wani ɗan maɓalli a gefe kuma ya kaɗa maka lokaci da ƙararrawa. Sau biyu ana fito da irinsa gwanjo a Turai wani yana riga shi saye. Karo na uku a gabana ya yi tayi ta waya, yana kai-komo a falo, gumi sharkaf ga mukayyif na ta hura sanyi. Da aka sallama masa zama ya yi daɓas a ƙasa.

Ni kuwa wallahi kunyar agogon nake ji. Jikinsa duk zane-zane, zinaren ya dushe kamar tsohuwar tasa. Na ce mutumin da ke ciyar da alhazai a Arfa duk shekara ba zai shiga taron maza da wannan a hannu ba. Ya tafi Jidda tun safe, sai na jefa agogon cikin jaka, wai ni mai burge miji.

Maƙerin da na saba da shi bai tambaye ni komai ba. Ya kara shi a injin goge, minti biyar ya miƙo min yana walƙiya. Ina cikin murna sai ga maƙwabcinsa, wani dattijo mai gyaran agogo, ɗan asalin Sakkwato, ya shigo da kofin shayi. Ya dubi hannuna, ya ajiye kofin.

"Hajiya, na wane ne?"

"Na maigidana, Baba."

"Ya san an kawo shi?"

Na ce a'a. Ya karɓa, ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya daɗe yana juya shi. Ya ce masu tara irin wannan, zanen nan da dushewar su suke saye, su ne shaidar ba a taɓa shi ba tun fitowarsa. Ya nuna min kusurwoyin da suka lanƙwashe, da hatimin baya da ya kusa shafewa. Na ce to a mayar mana. Ya ce abin da inji ya ci ba ya dawowa.

A mota na shirya ƙarya iri-iri. In mayar durowa in yi shiru. In ce faɗuwa ya yi na kai gyara. Ko ɗaya ba ta zauna min ba, mutumin da ya san kowane tabo a jikin abin nan. Na dafa abinci ya ƙone. Tsoro nake ji ƙwarai, ba na faɗa ba, na yadda zai dube ni.

Bayan la'asar maigida ya dawo. Ban bari ya cire takalmi ba, na miƙa masa a tafin hannu, na ce, "Alhaji, na yi ɓarna."

Ya karɓa ya je bakin taga. Ya duba gaba, ya duba baya, ya shafa gefen da babban yatsa. Ya ja maɓallin, ƙararrawar ta kaɗa, muna tsaye muna saurare har ta gama.

"Cikinsa lafiya," ya ce. Can kuma, a hankali: "Hannu nawa ya ratsa, ba wanda ya taɓa shi."

Na fara ba da haƙuri ya ɗaga min hannu. "Ma'alesh, ba komai, Hajiya. Alheri kika nufa."

Da ma ihu ya yi min, da na san inda na tsaya. Aka yi biki, ya yi fara'a da kowa, har da ni. Bayan kwana biyu wasu mutane suka shigo da ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambobi, suka kafe shi a bangon ɗakinmu. Shekara ashirin da biyu muna tare bai taɓa kulle min komai ba. Bai faɗa min lambar ba, ni ma har yau ban tambaya ba.