Shekarar da Tulun Tasalla Ya Shiga Siyasa

A Kurawa aka haifi Tasalla, a gidan da mata ke ginin tukwane tun kaka da kakanni. Tun ba ta isa ɗaukar tulu a ka ba take tattaka yumɓu da ƙafa a bayan ɗakin kakarta, ana zuba mata ƙaiƙayi tana cakuɗawa. Da aure ya kawo ta Gatawa, gidan wani manomi mai suna Labbo, da sana'arta ta zo. Gajeruwa ce kakkaura, mai dariyar da ake jiyowa daga wata unguwa. Tana gina randa da tulu da tukunyar tuwo da kaskon masa, ranar kasuwa ta ɗora wa jaki ta nufi Sabon Birni, wani lokaci har Isa. Ruwa in ya kwana a tulunta, da safe sai ya kama haƙori don sanyi.

Sai fari ya zo, a farkon shekarun tamanin. Damina ta faɗi da yayyafi, aka yi shuka, daga nan sama ta bushe ƙayau. Gero ya tsaya iya gwiwa ya yi ja. Rijiyoyi suka ja baya, mata su wuni a baki suna jiran guga ya kwaso rabin laka. Labbo ya karɓi jakin ya shiga dakon kayan fatake zuwa Nijar don a samu abin sa wa a baki. Sana'ar Tasalla kuwa ta mutu ta fuska biyu: ba mai sayen randa alhali ba abin zubawa a ciki, ita ma ba ta da ruwan da za ta jiƙa yumɓu. Ta koma tsinkar tafasa da ganyen aduwa kamar sauran mata. A watannin nan ba a cika jin dariyarta ba.

Shekarar kuma ta zaɓe ce. Jam'iyyu biyu ne ke da ƙarfi a yankin, kuma ba wanda ke wahalar da bakinsa da sunayensu na takarda. Da alamarsu ake kiransu. Akwai 'yan Tulu, shugabansu a Gatawa shi ne Wakili, dogon mutum mai son lasifika. Akwai 'yan Fitila, nasu shugaban Amiru, mai shagon kayan keke, wanda ba ya magana sai ya ɗaga yatsa sama.

Wata safiya aka fita sallar roƙon ruwa a bayan gari, maza da mata da tsofaffi, har da awaki. Malam Jibrilla ya ja sallar. Tsoho ne mai sanyin murya, wanda bai taɓa zuwa taron kowace jam'iyya ba. Da aka shafa, ya juya rigarsa, ya dubi fuskokin mutane ya ga duk sun yi laushi, sai ya ce:

"Jama'a, kada wanda ya yanke ƙauna. Kowa shi koma gida shi wanke tulunai shi aje bakin ƙofa. Wanda yar roƙi ruwa bai tanadi tulu ba, da baki kaɗai yay yi roƙo."

Mutane suka ce amin. Wakili kuwa ko takalminsa bai tsaya sawa daidai ba. Kafin azahar a-kori-kurar jam'iyyarsa ta zaga gari da lasifika: "Malam ya faɗa! Kowa shi riƙe tulu! Ba mu munka ce ba, Malam yac ce!" Kafin kwana biyu maganar ta kai Sabon Birni, ta kai Isa, ta ƙaru a hanya har ana cewa Malam ya yi mafarki ne.

Da la'asar sai ga Wakili a ƙofar gidan Labbo yana sallama. Tasalla ta yafa zane ta fito zaure.

"Inna Tasalla, aiki ya samu," in ji shi. "Tulu nika so, ƙofar kowane ɗan jam'iyya a ga tulu. Kuma muna da babban taro Sabon Birni, kowace mace ta shiga fili da tulu bisa kai."

"Wakili, ɗana, da yawuna za ni kwaɓa yumɓun?"

Ya sosa ƙeya. "In an kawo ruwa fa?"

"In an kawo ruwa, za ni gina maka tulu har ka ce ya isa."

Washegari motar ta zo da durom-durom cike da ruwa, an ɗebo daga famfon burtsatse can kusa da Sabon Birni. Tasalla ta buɗe murfi ta leƙa, ta ga fuskarta a ciki, ta sa hannu har gwiwa, sai ta fashe da dariyar nan tata. Maƙwabciyarta Hajo, wadda suke tsinkar ganye tare, ta leƙo ta kan darnin karan da ya raba gidajensu ta ce, "Lafiya, Tasalla?"

"Hajo, zo ki taya ni aiki. Ki taho da tulunki."

Hajo ta zo da tulu. Ta koma ta faɗa wa 'yar'uwarta ana neman masu taya aiki. Kafin rana ta take, tsakar gidan ta cika da mataimaka, kowace da abin ɗiba, wata ma da ƙwaryar nono. Gaskiya sun yi aikin: wasu na dakan yumɓu, wasu na tattakawa, wasu na tara kara da kashin shanu don toyi. Amma an kuma yi wa yara wankan da suka daɗe ba su gani ba, suna ihu suna zamewa a hannun iyayensu kamar tarwaɗa. An wanke zannuwa an shanya a kan darni. An shayar da akuya. Wata tsohuwa ta zauna ta tsoma ƙafafunta a cikin kasko ta ƙi tashi. Aka ɗauko ƙwarya aka kife a kan ruwa, aka hau kiɗa.

Da Wakili ya dawo da yamma ya tarar durom sun koma fayau, ya riƙe baki.

"Inna, duk wanga ruwa yumɓu yash shanye?"

"Yumɓu ya sha nashi," in ji Tasalla. "Masu taka shi ma sun sha nasu. Ko kana son su faɗi cikin laka?"

Wakili ya dubi matan, ya tuna kowace tana da ƙuri'a, ya ce gobe ma za a kawo.

Can ɓangaren 'yan Fitila kuwa wuta ta kama. Amiru ya hau benci a bakin tasha, yatsa a sama, yana cewa malami ya tsaya ga allonsa da carbinsa, siyasa ba tasa ba ce. Shi ne kuwa bara ya yi ta yawo da maganar Malam Jibrilla a baki, lokacin da Malam ya tsawata wa masu ɓoye hatsi, don dillalin da ake nufi ɗan Tulu ne. Yanzu ya ce tsufa ya kama Malam. Manyansu na Isa suka yanke shawara: a taronsu na can za a jera tuluna a gaban jama'a a farfasa, kowa ya ga ƙarshen tulu.

Sai dai ba tulun fasawa. 'Yan Tulu sun kwashe na kasuwa kaf, kuma ba macen da za ta ba da na ɗakinta. Da hantsi Amiru ya zagayo ta bayan gari, ya jingine kekensa nesa da gidan Labbo, ya yi sallama ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, magana ce tsakanina da ke. Tuluna nika so."

"Kai ma ka koma Tulu, Amiru?"

"Allah shi kiyaye! Fasawa za mu yi."

Tasalla ta dube shi, ta dubi hannuwanta da suka yi kaca-kaca da laka. Abin ya ɗan sosa mata rai, don ba ta taɓa gini don a fasa ba. Amma ta tuna akwai waɗanda suka tsage a wuta, jibge a bayan ɗaki, ba su riƙe ruwa.

"Akwai masu tsaga," ta ce. "Su sun fi ba da ƙara in sun faɗi. In ba su isa ba in ƙara maka. Amma ka san ba a gini da ƙasa busassa."

Haka motar 'yan Fitila ita ma ta shiga jigilar ruwa. Ta Tulu ta zo da safe ta ƙofar gida, ta Fitila ta zo bayan azahar ta bayan darni. Unguwar Tasalla ta zama unguwar da ta fi kowace tsabta a Gatawa. Hajo har ta dasa yakuwa a inda ruwan wanki ke gangarawa, ta kuwa fito. Mata suka ƙirƙiro waƙa, in motar safe ta zo su yabi tulu, in ta rana ta zo su juya amshin ya koma fitila, direbobin su yi ta washe baki suna danna oda.

Aka yi taron Sabon Birni, mata suka shiga fili a jere da tuluna a ka, ana guɗa. Aka yi na Isa, aka farfasa tuluna ƙura ta tashi, ana tafi. Kowane ɓangare ya dawo yana cewa ya gama da ɗayan, kuma kowanne ya aiko a ƙara.

Ranar da asiri ya tonu, tayar motar Tulu ce ta yi faci a hanya, ba ta iso ba sai bayan azahar. Motocin biyu suka yi kiciɓis a lungun gidan Labbo, hanci da hanci, ba mai iya wucewa. Wakili ya diro, Amiru ya diro.

"Mi kaka yi nan?" in ji Wakili.

"Kai mi kaka yi?"

"Inna Tasalla! Ashe ke ka gina ma maƙiya abin da za su ci mutuncinmu da shi?"

Tasalla ta fito tana goge hannu a zane. "Ku sauke ruwan tukuna, rana na dukansa. In kun sauke ku yi faɗanku."

Aka sauke. Faɗan kuwa bai yi nisa ba, don mata sun kewaye su suna dariya, sai suka ga ya fi su kai maganar inda ta samo asali. Suka ɗunguma zuwa zauren Malam Jibrilla, magoya baya na biye, Tasalla da Hajo a can baya don kada a ba su labari.

Malam na zaune a kan buzu. Amiru ya durƙusa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, jama'a na son su ji daga bakinka. Tulu kac ce a zaɓa?"

Wakili ya yi caraf: "Ai ya riga ya faɗa, gaban kowa."

Malam ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ni ruwa nir roƙa. Da randa taz zo bakina, da randa nic ce. Ku ji tsoron Allah, ku bar jan maganata kamar fatar layya. Kowane ɗayanku shi koma gida, shi kunna fitila shi duba zuciyatai da kyau, shi ga ko don talakawa shika wanga gudu."

Amiru ya zaro ido. Malam da kansa ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya ɗaga hannu zai gyara, amma ina. Amiru ya riga ya miƙe, yatsa a sama, ya yi waje da gudu yana faɗin, "Shi kunna fitila! Kun ji da kunnenku! Malam yac ce a kunna fitila!"

Tasalla ta zauna daɓas a ƙasa don dariya, Hajo na dukan bayanta.

Daga ranar aka yi musanyen baki. Amiru ya ce ba a taɓa yin malami mai hangen nesa kamar Malam Jibrilla ba, kuma duk mai jayayya da malamai ya kuka da kansa. Wakili ya hau lasifika ya ce malami ya tsaya ga allonsa, har ya ƙara da cewa an ga wani ya kai buhun dawa gidan Malam, abin da bai faru ba. Malam kuwa ya shiga taka-tsantsan. A huɗubobinsa na sauran makonnin bai ambaci sunan ko kayan gida ɗaya ba, ba tsintsiya ba tabarma, sai haƙuri da ciyar da maƙwabci. Duk da haka akan ga mutanen jam'iyyun biyu a sahun gaba sun kasa kunne, ko zai yi tuntuɓen harshe.

Aka yi zaɓe. Tasalla ta je ta jefa ƙuri'arta, ba ta taɓa faɗa wa kowa inda ta jefa ba, har Labbo. Washegarin zaɓe ba motar da ta zo, ta safe ko ta rana. Matan unguwa suka koma bakin rijiya. Amma abin da ta samu a watannin nan ta riga ta mai da shi gero da dawa ta zuba a rumbu, shi ya riƙe gidanta da na Hajo har Labbo ya dawo daga Nijar, ya rame, jakin ma ya rame. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon tulin fasassun tukwane da yakuwa kore shar a gindin darni, ya ce, "Mi anka yi nan bayana?"

"Zauna, Maigida," in ji ta. "Labarin na da tsawo. Bari in dama maka fura."

Ba a daɗe ba soja suka karɓi mulki, aka rufe jam'iyyu duka. Wakili ya koma sayar da albasa, Amiru ya koma kan kekunansa, kuma su biyun suna bin Malam Jibrilla salla har ya rasu. Farin bai saki ƙasar ba sai bayan wata daminar.

Tasalla ta ci gaba da gini har jarkar roba ta cika kasuwa, masu sayen tulu suka ragu. Sai ta koma kaskon masa da kaskon turare da asusun yara. Ta aurar da 'ya'yanta, ta koya wa ƙaramarsu, Khadijatu, sana'ar. Da ƙafafunta suka gaza taka yumɓu, sai a shimfiɗa mata tabarma a inuwar bedi, wato dogonyaro, kusa da wurin aikin, Khadijatu na gini tana kallo. In bakin tukunya ya karkace, sai ta miƙo hannu a ɗora mata a cinya, ta jiƙa babban yatsa ta zagaya shi sau ɗaya, ta mayar.