Ƙafar Malam da Almakashin Yaya Rabi

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi, wadda mutanen unguwarmu ta Zongo suka laƙaba wa suna Mahauciya. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan yi mata sadaka in yi shiru. Bana kam shirun ya ƙi yiwuwa, domin akwai ƙafar da ke takawa a gidana saboda ita.

Yaya Rabi ta ƙare ƙuruciyarta tana wankin ciwo a wani ƙaramin asibiti a unguwar Kamsaoghin, da ta ajiye aiki kuma aka riƙa bin ta gida. Faɗanta da unguwa a kan abu ɗaya ne. Mu a nan mun yarda cewa ciwo in ya bushe ya warke, shi ya sa muke fasa tupaye, kafson nan da ake talla a faranti, mu barbaɗa garin a kan gyambo har ya yi ɓawo baƙi. Ita kuwa da ta ga ɓawon sai ta tafasa almakashinta da hantsaki, ta bi mataccen naman tana yankewa har sai ja ya fito. Mai ciwo na ihu, ita tana cewa, "Yi haƙuri, ɗan uwa. Naman da ya mutu ba ya barin mai rai ya tsiro." Maigidana, Malam Sani, direban babbar mota ɗan Maraɗi, yana cikin masu kiranta Mahauciya, amma a bayan idonta. A gabanta ko kai ba ya iya ɗagawa.

To, ashe albasa ba ta yi halin ruwa ba. Bara ƙusa ta soki Malam a tafin ƙafar hagu wajen lodi a unguwar Kossodo. Yana da ciwon suga, bai ma ji zafi ba. Ni, ƙanwar Rabi, da na sha riƙe mata kwano tana aiki, ni ce da hannuna na fasa tupaye na zuba masa, don kawai ya ce ba ya son asibiti, ni kuma ba na son gardama. Mako uku ina murna ciwo ya bushe. Ran nan na zo cire masa safa sai wani wari ya buge ni, irin wanda nake ji a tsakar gidan Yaya, na ga gefen ɓawon ya kumbura yana ƙyalli. Ƙafar hagu ita ce ta kuloci, in aka yanke ta, tuƙi ya ƙare, Malam kuwa bai san wata sana'a ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A asibiti na faɗa wa matashiyar ma'aikaciyar jinya da ta karɓe mu, Asetu, duk abin da na yi. Ta gauraya Hausa da Faransanci ta ce, "Tanti, da kun ƙara sati guda, sai dai wani zancen. Za mu duba ko jini na isa ƙafar, sannan mu fara pansama, wato wankin ciwo." Jini na isa, alhamdu lillahi. Aka kashe wurin da allura, ta ɗauko aska da almakashi ta shiga yankewa. Ƙarƙashin ɓawon nan da nake alfahari da shi, rami ne cike da mugunya. Da na ga ja ya fito sai na fashe da kuka, Asetu ta ɗauka tsoro ne, alhali daɗi na ji.

Na sha tambayar kaina me Yaya za ta ce da ta ga aikin zamanin yau. An sa wa Malam wata 'yar na'ura mai tsotse ruwan ciwo, daga baya aka koma wani irin bandeji mai riƙe danshi, wanda yake kwana uku ba a taɓa ba. An hana shi taka ƙafar, an daidaita masa suga. Na san za ta taɓe baki ta ce na'ura aikin rago ce, sannan ta ja kujera ta hana yarinyar sakat da tambaya. Allurar kashe zafin nan ce za ta ba ta kishi, don ita ba kullum take samu ba, ihun mutane kuma yana damunta fiye da yadda take nunawa. Farantin tupaye da har yau ke yawo a Zongo kuwa, ba na jin za ta bar shi ya wuce ƙofarta lafiya. Ni kaina da na sha zagi.

Wata huɗu muka yi muna zarya. Ƙaramin yatsa ya tafi, ƙafa ta tsaya, kuma Malam ya koma mota.

Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. Almakashinta na cikin adakata, ya yi tsatsa. Abin da ya rage nata shi ne hancina da ta koya wa gane warin nan, da maganarta da ta dawo mini a makare, amma ba ta makara sarai ba. Jiya da la'asar na miƙa wa Malam buta, na tsaya ina kallonsa yana alwala. Ya wanke ƙafar dama, ya ɗago ta hagu ya tsefe yatsu huɗu da ruwa a hankali. Bai dube ni ba ya ce, "Gobe ne ranarta ko? Allah ya jiƙan Yaya Rabi."

Tun da na aure shi, ban taɓa jin ya kira ta da sunanta ba sai jiya.