Akawun Jagora da Shafi na Huɗu

Haihuwa

An haifi mutumin da kowa ya sani da Akawu a shekarar 1947, a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, da hantsin ranar da 'yan sanda suka ɓalle ƙofar gidansu suna neman mahaifinsa. Mahaifin mai gyaran birkin taragu ne, kuma shi ke ajiye takardun yajin aikin da ake yi a lokacin. Mahaifiyar kuwa ɗinki take yi. Sun birkice gidan kaf, amma da suka isa ɗakin da ake naƙuda sai ungozoma ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wanda ya iya karɓar haihuwa a cikinku ya shigo." Babu wanda ya shiga. Takardun kuwa suna ƙarƙashin katifar da aka haife shi a kai. Har ya tsufa yana cewa shi a kan takarda ya faɗo duniya.

Karatu da Fara Aiki

Ya shiga firamare a 1954, sannan a 1963 aka kai shi makarantar koyon buga tafireta da ke saman wani shagon magani, inda malamar take rufe wa ɗalibai hannu da kwali don kada su saba da leƙen haruffa. A 1966 ya sami aiki a ofishin tashar jirgi, ya yi shekara takwas ba a taɓa dawo masa da takarda don gyara ba. An sallame shi a 1974, sakamakon buga wa ƙungiyar ƙwadago takardar koke da tafiretar ofis.

A makon ne wani siririn malamin makaranta, mai kwat ɗaya tak, ya same shi zaune a ƙofar gida.

"An ce kai ne wanda ba ya kuskure."

"Haka ake cewa."

"To ni ba ni da aiki sai kuskure. Taso mu haɗu."

Wannan malamin shi ne wanda daga baya ƙasa ta kira Jagora, shugaban jam'iyyar adawa mai ra'ayin gurguzu.

Shekarun Adawa

Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman gidan burodi, da fanka mai ƙara da kujerun aro. Jagora yana kai da kawowa yana faɗa, Akawu yana bugawa da takardar kabon: na sama na Jagora, na ƙasa na fayil. Kowane shafi yana da lambarsa a kusurwa, kuma sai ya ƙirga su sau biyu kafin ya miƙa. Bayan taro Jagora ya dawo masa da nasa, duk da shatin yatsa da gumi, Akawu ya haɗa da kwafin ya kulle a kabad. Haka suka yi shekara arba'in da huɗu, ciki har da biyun da Jagora ya yi a tsare da zaɓe huɗun da suka faɗi. Da kwamfuta ta zo, Jagora ya ce idonsa ba ya gane rubutun kowa sai na tsohuwar tafiretar nan.

Aure da Iyali

A 1978 ya auri wata ma'aikaciyar gidan waya, wadda ta ce abin da ya burge ta shi ne wasiƙar neman aurenta ta zo da lambar shafi. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Ta rasu a 2009, bayan jinya a asibitin da suka yi kwana uku suna jiran gado. Tun daga nan yayanta, mai shagon kayan gini, ya ɗauki al'adar zuwa cin abincin rana duk Asabar, ya ci ya ƙoshi, sannan ya zagi jam'iyyar mai gida.

Babban Zaɓe

A 2018, karo na farko, aka fara cewa Jagora zai iya ci. Saura mako biyar zaɓe, a babban taron filin wasa, ya karanta shafi na huɗu, wanda ke maganar magani kyauta da ƙarin gadaje a asibitoci, ya kai ƙarshe, ya koma farkonsa ya sake karantawa. Inda ya tsaya a karon farko nan ya tsaya, barkwancin da ya yi shi ya sake yi, har ya jira a yi dariya. Kafin yamma hoton bidiyon ya zagaya wayoyin ƙasa.

Asabar ɗin da ta biyo baya falon Akawu ya kusa kamawa da wuta. Mai shago ya ce shi bai damu da maimaici ba, manufofin ne ciwon kansa.

"Jirgi na gwamnati, ruwa na gwamnati, lantarki na gwamnati! Gobe sai a ce buhunan simintina ma na jama'a ne. Ku da ba ku iya gyara fankar ofishinku ba!"

Ɗan Akawu na biyu, direban bas, ya ce, "Kawu, kai da ka yi shekara goma kana kuka da kuɗin wuta? In an mayar wa gwamnati ai kai za ka fara rawa."

Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce duk abin da ke cikin shafin nan tana so, don ita ke kallon mutane suna kwana a kan benci. "Amma Baba, na san wannan kallon da ya yi. Kullum ina ganinsa a ɗakin tsofaffi. Mutumin nan ba gajiya ke damunsa ba."

Akawu ya cire gilashinsa ya shiga gogewa.

Ranar Litinin sakataren jam'iyya ya zo da buƙata ɗaya: Akawu ya fito ya ce shi ne ya saka shafi na huɗu sau biyu. Akawu ya ce sai ya ga Jagora tukuna. Ya same shi a ofis, cikin ƙamshin burodi, fuska a sake. Jagora ya riƙe masa hannu ya ce, "Akawu, ina mutuniyar gidan waya? Ka ce mata ta daina fushi da ni, ina nan zuwa." Jagoran ne kuwa ya yi jawabi a makokinta shekara tara da suka wuce, kuma Akawu ne ya buga masa jawabin.

Washegari Akawu ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya tsaya gaban 'yan jarida, ya ce kuskuren nasa ne, tsufa ya kama shi. Jaridu suka yi masa zanen barkwanci, yaran jam'iyya suka kwashe tafiretar suka kai ɗakin ajiya, maganar lafiyar Jagora kuma ta lafa.

Da ya dawo gida ya tarar da babbar 'yarsa tana jiransa da kayan aikin asibiti a jikinta.

"Baba, ni na riƙe maka shafukan nan kana ƙirgawa, babu wanda ya zo sau biyu. Shida ne."

"Shida ne."

"To don me?"

"Shafin nan uwarki ce a ciki. Mutumin ya gaji, amma shafin bai gaji ba."

"Ba shafi ne zai hau kujerar ba, Baba."

Ya ciro makullin kabad daga aljihu ya ajiye mata a tafin hannu. "Na yi nawa, kuma bai yi mini daɗi ba. Ke kika san asibiti, ke kika san tsofaffi. Ki yi naki."

Rasuwa

Allah ya yi wa Akawu rasuwa da safiyar wata Alhamis, saura kwana tara zaɓe, yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan gajeriyar rashin lafiya. An binne shi kusa da matarsa, a maƙabartar da ke bayan tsohuwar tashar jirgi. Tsofaffin ma'aikata sun zo da yawa, mai shago ya yi kukan da ya fi na kowa. Jagora ya halarta, ya tsaya har aka gama, yana shiga mota ya tambayi direbansa ko an ga Akawu, don akwai jawabin da za su buga.

Akawu ya bar 'ya'ya huɗu: ma'aikaciyar jinya, direban bas, malamar lissafi, da autansu mai gyaran waya, sai jikoki goma sha ɗaya, da kabad mai ɗauke da jawabi fiye da dubu biyu.

Kwana uku bayan rasuwar, baƙi sun fara raguwa, wata mata da babu wanda ya sani ta yi sallama, ta yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ta matso kusa da babbar 'yar ta rage murya, ta ce ita 'yar jarida ce.

"An ce marigayi ba ya yar da takarda. Jawabin filin wasa nake nema, na sama da na ƙasa. Ƙirgawa kawai zan yi."

Makullin yana aljihun ma'aikaciyar jinya, ya ɗumama da zafin hannunta. Saura kwana shida zaɓe.