Ranar da Aka Kai Ni Ganin Salgar Lakwal

Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba, a can Maradi, kafin mahaifina ya ga allura ta fi alli amfani, ya zaunar da ni gaban keken ɗinki. Amma abin da na samu ya ishe ni in karanta sunan magani, in kuma gane idan ana zagina da Faransanci. Saboda wannan zurfin ilimi ne gidanmu na unguwar Dar es Salam a Yamai ya naɗa ni wakili a duk shari'ar da ta shafi lakwal, wato makarantar boko, musamman ranar da kowa yake jin kunyar zuwa.

Wannan karon shari'ar jikanyata ce, ƴar babban ɗana, tana koleji, a shekarar da za ta zauna jarabawar fita. Laifinta gudu. Takan tafi da safe lafiya lau, amma da an fito hutun hantsi sai a neme ta a rasa, sai dai a gida. Ba kullum ba. Ta yi ƴan kwanaki a jere, ta bari, can kuma ta koma. Surbeyan, wato mai tsaron ƙofa da ɗabi'ar yara, ya gaji ya kai ƙara wajen darakta. Darakta ya aiko cewa za a zauna a kanta, idan ba a kawo dalili ba kora ce. Kora a wannan shekarar kuwa tana nufin babu jarabawa.

A gida kowa ya zama likita. Ubanta, direban taksi, ya ce maganin gudu bulala ce. Gwaggonta ta ce iska ce, ta turare yarinya da hayaƙi har kajin gida suka yi hijira. Uwarta ba ta ce komai ba, don yarinyar ƴar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ƴar fari, ba ta tsaya mata a gaban mutane, ko ciwo take yi sai ta kau da kai ta bar wa kaka. Kakarta mace kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Saura ni, wanda tsakanina da ita wasa ne: ina ce mata mai ƙafar barewa, tana ce mini mai giɓi. Na tsokane ta a kan gudun, ko murmushi ba ta yi ba. A nan na san abin ba na wasa ba ne.

Lakwal ɗin yana da wata mata da take zuwa wasu ranaku, ana ce mata asistan sosiyal, yara kuma suna ce mata Madam. Da na tambayi aikinta aka ce sauraron yara take yi. Na ce ikon Allah, ashe har sauraron yaro ya zama abin da ake yi wa karatu a jami'a. Mu a zamaninmu yaro ke saurare, shi ma da kunne ɗaya, don ɗayan yana hannun mushe, wato malamin aji.

Ita ce ta nemi in zo da wuri ranar zaman. Ofishin da aka ba ta tsohon ɗakin ajiyar karyayyun tebura ne, an ture su gefe an sa kujeru biyu. Bazabarma ce, ba ta kai babban ɗana shekaru ba, ta gaishe ni har da rusunawa. Ta ce ta sha zama da yarinyar, yarinya tana kallon yatsun ƙafarta, ita kuma ba ta matsa mata ba. Abin da ta lura da shi ruwa ne. Lokacin bazara ne, zafin Yamai na gasa mutum a tsaye, leɓen yarinya ya tsattsage, amma duk sanda ta miƙa mata ruwa sai ta ƙi. Ta ce yaron da yake gudun shan ruwa a irin wannan zafi, ba shigar ruwan yake tsoro ba, fitarsa yake tsoro. Daga nan ta samu ƙofar da ta shiga, har yarinya ta yi magana.

Na gyara zama don in ji labari, sai ta ce, “Baba, abin da ta gaya mini amanarta ce, ba zan maimaita muku ba. Amma ta yarda in nuna muku wani wuri.”

Muka zaga bayan azuzuwa. Hancina ya riga idona isa. Na san kwatar mahauta ta kasuwar Petit Marché bayan ruwan sama, inda ake zubar da ƙazantar hanji. To, wannan shagon turare ne idan aka kwatanta. Ramin ya cika ya tumbatsa, har ya fito bakin ƙofa yana gaida baƙi. Na ce ƙofa don ladabi ne kawai, ƙofar tana kwance a ƙasa, kwanon ya yi tsatsa, tsutsotsi suna sintiri a kai. Ƙudaje irin korayen nan masu ƙiba sun tashi mana gaba ɗaya, ɗaya har ya nemi masauki a giɓina. Babu buta, fanfon da ke gefe ya bushe har gizo-gizo ya yi gida a bakinsa. Kuma wani mai basira ya gina ɓangaren ƴan mata yana fuskantar filin ƙwallo, inda samari suke jeruwa kan katanga lokacin hutu. Can gefe kuwa ga wani ɗan ɗaki mai fenti, da ƙofar ƙarfe, da kwaɗo mai ƙyalli. Na malamai ne.

Madam ta ce a hankali, “Baba, jikanyarku ta girma.”

Nan take na gane. Na yi aure, na aurar, na san abin da ke zuwa wa ƴaƴa mata wata-wata. Na tsaya ina lissafa yadda aka yi wa yarinyar nan hayaƙi, aka nuna mata bulala, alhali buta da ƙofa kawai take nema.

A zaman, darakta ya fara da Faransanci mai tsawo. Abin da na tsinta a ciki shi ne, tun da ko uwar yarinya ba ta zo ba, alama ce gidan ba su damu ba. Mutumin Tawa ne fa, ya san al'adar sarai, sai dai kamar ɗaurin wuyan da ya sa ya matse masa ita. Madam ta tuna masa cewa ƴar fari ce. Sannan ta yi bayani ba tare da ta tona asirin kowa ba: ba jikanyata kaɗai ba ce, akwai wasu, su dai ba sa zuwa gaba ɗaya a irin waɗannan kwanaki, sai a ce ba su da lafiya. Tamu ta fi su son karatu ne, shi ya sa take zuwa da safe, shi ya sa kuma aka kama ta. Darakta ya ce ya ji, amma doka doka ce, batun salga kuma babu hali, ya rufe da “kala suru”, wato sai haƙuri da Zabarmanci. Surbeyan yana ta gyaɗa kai.

Sai na ɗaga hannu kamar yadda aka koya mini a aji huɗu. Na ce ni tsoho ne, mafitsarata ba ta san doka ba, ina son kewayawa. Darakta, mutumin kirki, nan da nan ya sa hannu aljihu ya ciro mabuɗin salgar malamai.

Na ce, “A'a, Mushe. Ni wakilin ɗaliba ne, inda take zuwa nan zan je. Sai dai tun da babu ƙofa, ina roƙon alfarma ka raka ni, ka tsaya ka kare ni da bayanka.”

Babu yadda zai ƙi dattijo a gaban ma'aikatansa. Muka tafi. Bai kai rabin hanya ba ya ciro mayani ya toshe hanci, da muka matsa kaɗan ya tsaya cak. Ta cikin mayanin ya ce shi tun da aka buɗe lakwal bana bai zo wannan ɓangaren ba. Wannan maganar ta fi warin ɓata mini rai.

Ba a kore ta ba. Aka ba Madam mabuɗin, ranakun da ba ta nan kuma yana hannun wata malama, ƴan mata su karɓa ba tare da an tambaye su dalili ba. Ƙungiyar iyaye ta yi alkawarin kwashe ramin; har na daina tambaya ba a kwashe ba. Ni dai na tayar da kekena, na ɗinka labulen tamfol mai kauri, ubanta ya je ya kafa a ƙofar salgar ƴan mata, ya dawo bai iya cin tuwo ba, bai kuma sake zancen bulala ba.

Madam ta zo gida ta zauna da uwar a ɗaki. Ban san abin da suka ce ba. Na dai ga an kira ƙanwar uwar, aka ce daga yau ita ce abokiyar sirrin yarinya. Har yanzu uwar ba ta kiran sunanta, amma na sha ganinta da safe tana cusa wani ɗan ƙunshi cikin jakar lakwal, tana kallon wani wajen.

Ranar jarabawa jikanyata ta tsaya gabana ta shanye moɗa guda ta ruwa, ta goge baki, ta ce labulen mai giɓi ya karkace kamar haƙoransa. Na ce ta wuce kafin in kai ƙararta wajen surbeyan. Ta tafi ta zauna jarabawarta har aka tashi. Takalman da na sa ranar zaman kuwa, na wanke su da toka, na shanya, na sake wankewa, daga baya na jefar.